Botar Gidan Burodi: Wa Ke Duba Ta a Gwandu da Kalgo?

Idan magidanci ya dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi a bakin shagonsa, kafin a kai shi asibitin Kalgo rai ya yi halinsa, a wajen zaman makoki sai ka ji ana cewa lokaci ne ya yi, wasu kuma a gefe suna raɗa cewa jifa ne. Lokaci gaskiya ne, babu mai ja. Amma da wuya ka ji an tambayi abin da bawan Allahn nan ya shekara da shekaru yana karya kumallo da shi.

Akwai wani kitse da ake kira tirans. Yawancinsa a masana'anta ake ƙirƙirar sa: a ɗauko mai na ruwa, irin na waken suya, a cusa masa iskar haidirojin har ya ɗan daskare. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, shi ya yi rajistar dabarar a 1902. 'Yan kasuwa suka rungume ta hannu biyu, domin man yana da arha, yana daɗewa bai lalace ba, yana kuma sa biskit da cincin su yi garas-garas. Da ya shiga jiki kuwa, sai ya ƙara mugun kitsen da ke yawo cikin jini, ya rage mai amfanin, a hankali hanyoyin da ke kai wa zuciya jini su toshe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana jawo mutuwar mutum fiye da 278,000 a duk shekara, kuma yawan cin sa yana ƙara haɗarin mutuwa ta ciwon zuciya da kashi 28 cikin ɗari. Ba shi da ɗanɗano na daban, ba shi da wari, kuma siriri ma bai tsira ba.

Denmark ce ta fara taka masa birki a 2003, Afirka ta Kudu ta biyo a 2011, Amurka ta hana amfani da irin wannan mai a abinci daga 2018. Najeriya ta shiga sahu a 2023, lokacin da dokar hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta fito cewa kada ya wuce giram 2 a cikin kowane giram 100 na mai. Wannan abin a yaba ne, na kuma yaba.

Damuwata ita ce dokar ta fi ƙarfi a kan kayan da ke zuwa cikin kwali da rubutu a jiki, alhali mu ba haka muke cin mai ba. Mutumin Gwandu da ya zauna a teburin mai shayi ya ce a shafa masa bota, bai ga mazubin da aka ɗebo ta ba. Gidan burodi bokiti-bokiti yake sayen tasa daga hannun dillali, burodin ya fito cikin leda, wani ko suna babu. Uwar amarya da za ta yi cincin da kek na biki, ɗauri take aikawa a sayo mata a bakin kasuwa. Man suya kuma daga jarka ake tsiyaya shi cikin kwalba. Kayan nan wasu daga Jega suke, wasu daga Birnin Kebbi, wasu sun tsallako ta iyakar Kamba. Wata botar lafiya lau take, wata kuma tana ɗauke da kitsen tirans, ido kuwa ba ya rarrabewa. Gwaji kawai ke nunawa.

Sai batun man da ake maimaitawa. Man da aka soya ƙosai da safe, aka yi awara da rana, aka jefa kifi da dare har ya koma baƙi wuluk, yana tara ɗan wannan kitse da wasu abubuwan masu illa. Amma kada a taso mai ƙosai a gaba. Yadda mai ya yi tsada, idan ta zubar da shi kullum, jarinta ta zubar. A koya mata rage wuta, da tace mai, da sanin lokacin da ya gama aiki. Babban nauyin yana wuyan masu yin bota da masu shigo da ita.

Don haka ina kira ga ofishin NAFDAC na Birnin Kebbi da ya riƙa shiga rumbunan dillalai da gidajen burodi yana ɗibar samfur, ya gwada, sannan ya faɗi sakamako a rediyo da Hausa, da sunan kowace bota da abin da aka samu a cikinta. Jami'ar Tarayya tana nan a Kalgo. Me zai hana ɗaliban kimiyyar sinadarai su yi aikinsu na kammala karatu a kan botar da ake shafa musu a ƙofar makaranta? Masu gidajen burodi su ma suna da haƙƙin su ce wa dillali ya nuna musu lambar rajistar NAFDAC kafin su biya.

Kafin a kai ga nan, uwargida tana da man ƙuli da matan unguwa ke matsowa daga gyaɗa, wanda bai bi ta waccan masana'anta ba. Ya fi tsada, amma ga mai hawan jini ko ciwon suga a gida, gara a rage suyar a yi ta da shi.