Ka je Dutsen Zuma, amma ina dutsen a hotonka?

Duk wanda ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san yadda matafiya ke tsayawa kusa da Madalla, kowa ya zaro waya don ɗaukar Dutsen Zuma. Amma duba hotunan da ake ɗorawa a Facebook: fuskar mai hoton ta cika ko'ina, dutsen ya maƙale a bayan kunnensa kamar ɗan tudu. Dutsen da ke jikin takardar naira 100 ke nan fa.

A ganina ba laifin wayar ba ne. Mun saba da hoton katin shaida, inda mutum ke tsayawa cak a tsakiya. A hoton tafiya kuwa, wurin da aka je shi ne babban baƙo. Kunna layukan da ke raba fuskar kyamara gida tara, ka tsayar da mutum a kan layin gefe, ka bar wa dutsen sauran filin. Ka sa mutumin ya yi nisa da kai har ya ƙanƙance, domin ƙanƙantarsa ce za ta nuna girman dutsen.

Da tsakar rana haske na wanke launin dutsen, ya zuba inuwa a idon mutum. Sassafe ko bayan la'asar ya fi, rana tana bayanka. Zuƙowa da yatsa biyu dusar da hoto take yi, gara ka taka da ƙafa. Goge gilashin kyamarar, musamman da hunturu.

Kuma don Allah a sauka daga kan kwalta kafin a fara, titin nan tireloli ke binsa.