FILIN BAKANIKE: Kukan birki jawabi ne

 

A wannan wata za mu yi magana a kan birki mai faifai. Shi ne birkin da ke jikin keke mai batir, irin wanda aka ƙera domin hawa duwatsu. Asalin keken duwatsu daga Kaliforniya ne, a ƙasar Amurka, cikin shekarun 1970. Daga baya aka sa masa inji da batir. Ko ba ka da irin wannan keke, karanta, domin moto da yawa suna da birki mai faifai a ƙafar gaba, kuma aikinsu iri ɗaya ne.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, ga shi. Wani ɗan ƙanena ya sayi irin wannan keke na hannu. Birkin yana kuka, yara suna yi masa dariya. Sai ya ɗiga baƙin mai a kan faifan. Kuka ya ɗauke. Washegari ya ɗauko buhun albasa, ya biyo gangare a ƙasar Adar, ga amalanke a gabansa. Ya matsa birki, birki ya ƙi. Sai cikin ƙaya ya tsaya, da karyayyen hannu. Garin neman ƙiba ya samo rama.

YADDA BIRKIN KE AIKI

Akwai faifan ƙarfe a tsakiyar ƙafa. Yana juyawa tare da ita. Akwai takalman birki guda 2, waɗanda makanikai ke kira plaket. Ɗaya na dama da faifan, ɗaya na hagu, a cikin wani ɗan gida na ƙarfe. In ka matsa hannun birki, sai su cije faifan, ƙafa ta tsaya. Keke mai batir yana da nauyi: galibi kilo 20 zuwa 25, ban da kai da kayanka. Yana kuma da gudu. Saboda haka takalmansa sun fi saurin cinyewa.

Hausawa sun ce kukan kurciya jawabi ne. Haka kukan birki yake. Fara da saurare. Matsa na gaba shi kaɗai, sa'an nan na baya shi kaɗai, ka gane wane ne mai kukan. Kafin ka sa hannu, kashe keken, ka cire batir in yana ciruwa.

1. KUKA MAI TSANANI, BIRKI BA YA KAMAWA SOSAI

Mai ne ya taɓa faifai ko takalma. Ko man sarƙa ne ya fantsama, ko hannu mai maiƙo, ko man birkin kansa ke yoyo. Sayi alkol na farmasi, irin wanda ake goge wurin allura. Jiƙa tsumma mai tsabta, ka goge faifan ciki da waje. Kada ka sa kananzir ko gazuwal, su ma maiƙo ne. Takalman da suka sha mai sun tashi aiki, domin mai yana shiga cikinsu. Sai dai a sayi sabbi. In ka ga danshin mai a gidan birki, kai wa bakanike.

2. ƘAR-ƘAR, KAMAR ANA NIƘA A DUTSE

Tsaya nan take. Ko rairayi ne ya shiga, ko takalman sun ƙare, ƙarfe na cin ƙarfe. Cire su ka duba. Kamfanin Shimano ya ce a sake takalma in abin da ke cije faifan ya koma rabin milimita. Mu dai mu ce: in ya kusa kaurin farce, sake shi. Faifan ma yana cinyewa. Na Shimano sabo milimita 1,8 ne, in ya koma 1,5 ya ƙare. Duba jikin faifanka, galibi an rubuta iyakarsa a can. Takalmi ya fi faifai araha. Wanda ya ƙi sayen takalmi yau, gobe zai sayi duka biyu.

3. SHIK, SHIK, SHIK, ALHALI BA KA MATSA BIRKI BA

Ɗaga ƙafar, ka juya ta, ka leƙa cikin gidan birki. Sa farar takarda daga baya don ka gani sosai. In faifan yana gogar gefe ɗaya kullum, gidan ne ya karkace. Da fari tabbata ƙafar ta zauna daidai, an ɗaure ta tam. Sa'an nan sassauta kusoshi 2 da ke riƙe da gidan. Matsa hannun birki, ka riƙe. Kana riƙe, ka ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan sa'an nan wancan. Saki, ka juya ƙafar. In kuwa sau ɗaya yake goga a kowane zagaye, faifan ne ya tanƙware. Ɗan tanƙwara ana miƙe ta a hankali da sifana mai tsabta. Babba kuwa, sai sabon faifai. Hattara da yatsu lokacin da ƙafa ke juyawa: faifai yana yanka kamar wuƙa.

4. KUKA BAYAN DOGON GANGARE

Zafi ne. In ka riƙe birki tun daga sama har ƙasa, takalma suna ƙonewa, fuskarsu ta yi santsi kamar tangaran. Wani lokaci faifan ya yi shuɗi. Cire takalman, ka goga su kaɗan a kan takarda mai kaushi, irin ta masassaƙa katako, har ƙyallin ya tafi. Nan gaba, matsa ka saki, matsa ka saki, kuma yi aiki da birki biyun tare. Kada ka taɓa faifai bayan gangare, zai ƙone ka.

5. KUKA CIKIN RUWA

Da damina, in faifai ya jiƙe yakan yi kuka. Wannan ba ciwo ba ne. In ya bushe zai yi shiru. Amma wanke laka da ruwa mai tsabta in ka isa gida.

IN KA SA SABBIN TAKALMA

Sabon takalmi kamar sabon san noma ne, sai an hore shi. Nemi fili mai sarari. Yi gudu kaɗan, ka matsa birki sosai har keke ya koma tafiyar mutum, amma kada ka tsaya cak. Maimaita kamar sau 20, na gaba daban, na baya daban. Za ka ji kamu yana ƙaruwa. Wanda ya ƙi yin haka, shi ke fama da kuka tun ranar fari.

Takalma iri biyu ne. Masu laushi sun fi shiru, amma rairayi da laka suna cinye su da wuri. Na garin ƙarfe sun fi daɗewa, sun fi jure zafi, amma sukan yi ɗan kuka. Tafi da tsohon takalmi kasuwa, don a ba ka daidai da shi.

ABU UKU DA BA A YI

Kada ka sa mai a faifai ko takalmi, ko ɗigo ɗaya.

Kada ka matsa hannun birki in ƙafa na cire. Takalman za su haɗe, faifai ya rasa wurin shiga.

Kada ka zuba kowane irin mai a birki. Shimano da Magura da Tektro suna aiki da man da ake kira mineral. Wasu kuma sai man DOT, irin na mota. In aka musanya, robobin ciki su lalace, birki ya mutu. Karanta abin da aka rubuta a murfin.

Kowace safiya, kafin ka hau, tura keken ka matsa birki biyun. In hannun birki ya yi laushi har ya taɓa kan keke, kada ka hau, ko da babu kuka. Wannan aikin bakanike ne.

Wanda ya iya karatu, ya karanta wa maƙwabcinsa. Mai tambaya ya rubuto mana ta hannun malamin yaƙi da jahilci. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.