Kwangilar Gidan Yari: Ina Ikon Ɗan Kasuwa Ya Tsaya?

Tun daga watan Maris na 2023, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi damar kafa gidajen yarinsu, wata ƙofa ta buɗe wa 'yan kasuwa. Jihar da ba ta da kuɗin gini, wajen masu jari za ta nufa. Ga cunkoso kuma: gidan yarin Ikoyi da aka gina domin mutum 800, a 2019 yana ɗauke da fiye da 3,000.

Fataken hatsi da na wake da ke Ijora da Agege ba baƙin wannan harka ba ne, tun da 'yan kwangila ne ke ciyar da fursunoni, kuma Kirikiri ba ta da nisa da Ijora. To amma kai buhun gari daban, riƙe makullin ɗaki daban.

Afirka ta Kudu ta gane wannan da wuri. Dokarta ta 1998 ta yarda kamfani ya gudanar da kurkuku, sai dai ta hana shi hukunta fursuna a kan laifin da ya yi a ciki, ko sa hannu a lissafin wa'adinsa. Ta kuma ajiye jami'in gwamnati a cikin gidan yana sa ido. Duk da haka, a 2013 sai da gwamnati ta karɓe ragamar kurkukun Mangaung daga hannun G4S na wani lokaci, bayan al'amura sun dagule. Ingila ma ta karɓe na Birmingham daga wannan kamfani a 2018. Kotun Ƙolin Isra'ila kuwa, a 2009, soke dokar kurkukun 'yan kasuwa ta yi ɗungurum.

Dalilin a fili yake. Idan kuɗin kamfani ya danganta da yawan kawuna da yawan kwanaki, duk ranar da fursuna ya ƙara a ciki riba ce. Wanda ke cin moriyar tsarewa bai dace ya zama mai shawarar saki ba. A Nijeriya abin ya fi haɗari, domin wajen kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Cikinsu ba a rasa ɗan dako ko ɗan acaɓa daga Arewa wanda ba shi da lauya, ba shi da mai tsaya masa beli.

Saboda haka ya kamata duk jihar da za ta shiga irin wannan yarjejeniya ta rubuta iyaka ƙarara. Gini, abinci, magani da koyar da sana'a, a ba ɗan kwangila, a kuma biya shi a kan lokaci, abin da gwamnatoci ba su saba yi ba. Horo, keɓe fursuna shi kaɗai, amfani da ƙarfi da rage wa'adi su tsaya a hannun gandirobobin gwamnati da alƙalai. Shi ma mai jari wannan ne rufin asirinsa, don ranar da aka rasa rai a ɗakin horo, sunan kamfaninsa za a kira a kotu.