Fitilu Uku da Rayukan Fasinjojin Kogi

A watan Yunin 2023, wani jirgin ruwa ɗauke da 'yan biki ya kife a Kogin Neja, a yankin Patigi na Jihar Kwara, tun kafin ketowar alfijir. Mutum fiye da 100 suka rasu. A farkon Oktoban 2024 kuma, wani jirgin maƙare da masu halartar Mauludi ya nutse kusa da Gbajibo, a Ƙaramar Hukumar Mokwa ta Jihar Neja, shi ma cikin duhu.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta haramta tafiyar dare. Doka ce mai kyau, amma wanda ya san rayuwar bakin kogi ya san ba za ta wadatar ba. Kasuwa kan watse da almuru, masunci da dare yake sana'arsa, naƙuda kuwa ba ta jiran gari ya waye. Tunda ba za a rasa jirgi a kan ruwa da dare ba, wajibi ne kowane jirgi ya kasance da fitilun da za su bayyana shi.

Ƙa'idojin hana karon jiragen ruwa na duniya, waɗanda aka amince da su a 1972, sun tsara wannan dalla-dalla: jar fitila a gefen hagu, koriya a gefen dama, fara a sama da kuma baya. Matuƙin jirgi mai inji da ya hango jar fitilar wani yana giftawa daga damansa, shi ne zai ba da hanya. Wanda ya ga ja da kore a lokaci guda, ya sani jirgi ne ke fuskanto shi kai tsaye, sai kowa ya karkata zuwa damansa. Wanda ya ga fara kaɗai, mai yiwuwa bayan wani jirgin yake bi, ko kuwa jirgi ne a tsaye. Ƙaramin jirgin da bai kai mita 7 ba, kuma ba ya gudu sosai, farar fitila ɗaya mai haska kowane ɓangare ta ishe shi. Mai kwale-kwalen filafili kuwa, tocila ake buƙata ya riƙe, ya haska da wuri.

Sai dai a lura, waɗannan fitilu don a gan ka ne, ba don ka gani ba. Ba za su nuna kututturen da ke ƙarƙashin ruwa ba, ba kuma za su rage nauyin jirgin da aka yi wa lodi fiye da kima ba. Hasali ma, ido na buƙatar kusan rabin sa'a kafin ya saba da duhu, kuma fasinja ɗaya da ya dalle matuƙi da tocilar wayarsa ya isa ya ɓata wannan sabo. Saboda haka rage gudu, tsayar da mai lura a goshin jirgi, da sanya rigar ceto, duk abokan tafiyar fitila ne.

Shawarata ga gwamnatocin Neja, Kebbi, Kwara da Kogi ita ce su samar da fitilu masu caji da hasken rana, su damƙa rabonsu da koyar da ma'anarsu a hannun sarakunan ruwa da ƙungiyoyin 'yan fito, domin su matuƙa ke jin maganarsu. Mu kuma fasinjoji, mu riƙa duba jirgi kafin mu shiga. Ƙaddara gaskiya ce, amma riƙo da sababi ma umarni ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na baya.