Tiyatar ƙwaƙwalwa da gilashin kwamfuta: Ina rabon Babura a ciki?

A ranar 8 ga Yunin 2020, a asibitin Jami'ar Johns Hopkins da ke Amurka, Dokta Timothy Witham ya shiga ɗakin tiyata sanye da wani gilashi mai haɗe da kwamfuta. Gilashin yana haska masa hoton ƙashin bayan majiyyaci, wanda aka riga aka ɗauka da na'urar CT, daidai a kan jikin da ke kwance gabansa, tamkar an yaye fata da tsoka. Da wannan jagora ya kafa kusoshi 6 ya haɗe gaɓoɓi 3 na ƙashin bayan. Bayan kwana biyu, wani abokin aikinsa ya cire ƙari daga ƙashin bayan wani majiyyacin ta wannan hanya.

Tun daga lokacin, fasahar ɗora hoton kwamfuta a kan zahiri ta zama abin yayi a tarukan lafiya, kuma abin da ya zama yayi a can ba ya daɗewa bai zama takardar neman kwangila a nan ba. Shi ya sa ya dace ma'aikacin da zai sa hannu a fayil, da ɗan kasuwar da harajinsa zai biya, su san abin da ake tallatawa tun kafin ya iso.

A ɗauki Babura, a arewa maso yammacin Jigawa, daf da iyakar Nijar. A ce mai babur ya faɗi a hanyar Kanya Babba ranar kasuwa, gefen kansa ya bugi kwalta. Ya suma, ya farfaɗo, ya yi magana, har ya ce a kai shi gida. 'Yan uwa suka yi hamdala. Amma idan ƙashin gefen kai ya tsage ya yanki jijiyar da ke ƙarƙashinsa, jini yana taruwa a hankali tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa. Cikin 'yan sa'o'i sai ciwon kai da amai, sai barci mai nauyi, sai ƙwayar ido ɗaya ta buɗe fiye da ɗayar. Maganinsa sananne ne tun zamanin da: a buɗe ƙoƙon kai a kwashe jinin a tsayar da zubarsa. Idan an yi da wuri, mutum yakan tashi sarai ya koma sana'arsa. Idan an makara, sai jana'iza ko nakasa.

Matsalar ita ce mai yin aikin. Tun da Farfesa Latunde Odeku ya fara tiyatar ƙwaƙwalwa a Ibadan a 1962, har yau ƙwararrun fannin ba su kai 200 ba a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Na Arewa sun taru ne a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da cibiyar da Farfesa Bello Bala Shehu ya kafa a asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daga Babura zuwa Kano ta Kunya tafiyar kimanin kilomita 100 ce. Wannan lissafin hanya ne kawai. Ba a sa lokacin neman mota, da karo-karon kuɗin hoto, da jiran gado ba. Na Roni da Gwiwa ma sai sun fito Kazaure kafin su kama hanyar Kano.

Gilashin Johns Hopkins ba zai amfani wannan mai babur da komai ba. Kayan aiki ne na gwanin da ya riga ya ƙware, yana ƙara masa daidaito a aikin da aka tsara tun kwanaki. Ko a hannun gwani ma yana da iyaka: da zarar an buɗe ƙoƙon kai ruwa ya fita, ƙwaƙwalwa takan ɗan gusa daga inda take, sai hoton da aka ɗauka jiya ya daina dacewa da abin da ke gaban likita. Shi ya sa fasahar ta fi samun gindin zama a aikin ƙashin baya, domin ƙashi ba ya sauya siffa.

Sai maganar dorewa. Gilashin HoloLens 2 na kamfanin Microsoft, wanda bincike da dama a wannan fanni suka dogara da shi, ya fito a kan dala 3,500, ban da kuɗin manhaja. A watan Oktoban 2024 kamfanin ya daina ƙera shi. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin ajiyar wani asibitin gwamnati ya ga na'urori lulluɓe da ƙura saboda rashin ɗan ƙaramin kayan gyara, ya san ƙarshen labarin.

Ɓangare na biyu na fasahar, wanda ba a cika yi masa talla ba, shi ne ya shafe mu: koyon tiyata a kan kwaikwayo kafin a taɓa mutum. Hukumar bincike ta ƙasar Kanada ta ƙera na'urar NeuroTouch, inda mai koyo yake riƙe kayan aiki yana jin taurin nama da laushinsa a hannu, jini na zuba a allo idan ya yi kuskure. Wannan mai tsada ce. Amma akwai na talaka. Manhajar 3D Slicer kyauta ce, tana mayar da hoton CT siffar kai da za a iya jujjuyawa a kwamfuta. Injin da ke fitar da siffa da roba yana iya buga ƙoƙon kan da za a koyi huda shi sau goma, a yi kuskure sau goma, ba a kashe kowa ba. Har akwai akwatunan koyo da ake haɗawa da wayar hannu, ta nuna wa ɗalibi jijiyoyin da ke ƙarƙashin inda yake shirin yanka.

Akwai dalilin da ya sa wannan ya fi muhimmanci a ƙasar Hausa. A al'ada, likita yana koyon sassan jiki ne a kan gawa. Mu kuwa mukan sallaci mamaci mu kai shi makwancinsa a ranar, kuma ba a san mu da wasiyyar bayar da jiki ga makaranta ba. Makarantun likitanci sun dogara ne galibi da gawawwakin da ba a zo nema ba. Ƙoƙon roba ba ya buƙatar fatawa, ba ya buƙatar firji, kuma ba ya lalacewa idan an ɗauke wuta.

To wa za a koyar? A nan ne ake gardama, kuma gardamar tana da tushe. Wasu ƙwararru suna ganin buɗe kan mutum ba aikin da za a miƙa wa likitan babban asibiti bayan bitar mako biyu ba ne, domin kuskure ɗaya ya isa. Wasu kuma suna cewa a inda zaɓin ya rage tsakanin hannun da aka horar da mutuwa a bayan mota, ai ba a ƙi. A ganina duka biyun sun tsallake matakin farko. Kafin a kai ga wuƙa, akwai gane alamun haɗari, da auna zurfin suma, da kare numfashi, da sanin wanda za a tura Kano nan take da wanda za a ajiye a sa ido. Duk waɗannan ana koyar da su a kan mutum-mutumi, kuma ma'aikacin jinya ma yana iya ƙwarewa a kansu. Huda ƙoƙon kai kuwa, sai inda akwai na'urar CT mai aiki, da mai sa barci, da jini, da ƙwararre a Kano yana kallon hoton ta waya yana ba da umarni.

An ga irin wannan tunani ya yi aiki a Afirka. A Mbale ta Yuganda, Dokta Benjamin Warf ya lura cewa bututun da ake sa wa jarirai masu taruwar ruwa a kai yana toshewa, iyaye kuma ba sa iya dawowa da sauri daga ƙauye. Sai ya inganta hanyar buɗe wa ruwan mafita ta cikin ƙwaƙwalwa ba tare da bututu ba, asibitin CURE ya riƙa horar da likitocin ƙasashe da dama, har dabarar ta koma Amurka. Daga nisan ƙauye da asibiti aka faro, ba daga kundin tallan kamfani ba.

Wannan yanki na Jigawa bai rasa tubali ba. Babura tana da babban asibiti da kwalejin koyon jinya da ungozoma. Kazaure tana da Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyon fasahar kwamfuta ta jiha, inda ɗalibai za su iya koyon sarrafa hoto da buga siffofin roba. Dutse tana da asibitin Rasheed Shekoni da jami'ar tarayya. Abin da ake buƙata yarjejeniya ce tsakanin ma'aikatar lafiya ta jiha da asibitin koyarwa na Kano, da ɗaki guda mai wutar sola, da malamin da zai riƙa zuwa a kan kari. Irin wannan aiki ba ya ɗaukar ido ranar yanke kyalle, kuma ina jin shi ya sa ba a rububinsa.

Sai dai kada a yaudari kai. A matsayinsa na Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate ya bayyana cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar Najeriya cikin shekaru biyar zuwa bakwai. Likitan da aka horar a Babura ya ƙara daraja a kasuwar Saudiyya da Ingila, kuma kafin su ma, albashin asibitocin tarayya yana jan na jiha. Idan gwamnatin Malam Umar Namadi za ta sa kuɗi a horo, dole a rubuta alawus ɗin zama a karkara da gidan likita a layin kasafi ɗaya da na ɗakin koyon, sannan Majalisar Dokoki ta riƙa neman adadin waɗanda aka horar da inda kowannensu yake aiki bayan shekara biyu.