Ganga a Jami'a, Makaɗi a Kango

Kowace shekara, idan zangon karatu ya karkata, ƙungiyoyin ɗalibai a manyan makarantun ƙasar Hausa sukan ware rana guda, wani lokaci ma mako guda, domin bikin al'adu. A kafa rumfuna a harabar makaranta, a jera kujeru, a gayyato iyaye da yara daga unguwannin da ke kewaye. 'Yan mata su yi lalle su ɗauko ƙorai da faya-fayai, samari su naɗa rawuna su rataya takubban aro. Wani ya zana tsagar Gobirci da kwalli, shida a kunci guda, bakwai a ɗayan, ya fito yana taƙama ana yi masa kirarin Bawa Jan Gwarzo. Lasifika na ta rera waƙoƙin Narambaɗa, babban baƙo ya tashi ya ce al'ummar da ta yar da al'adarta ta yar da kanta, a tafa, a ci waina, a ɗauki hotuna, a watse.

Ban zo in rushe wannan rana ba. Ranar da yaron birni zai ga turmi da taɓarya, ya ji amon kotso, ya taɓa saƙar hannu, rana ce mai albarka. Ƙarar da na shigar ita ce: ana baje kolin fasahar Gobir a inuwar jami'a, alhali masu fasahar, mutanen ƙauyukan Sabon Birni da Isa, da yawansu suna kwance a kangwaye da gine-ginen da ba a kammala ba a cikin birnin Sakkwato, wasu kuma sun tsallaka Nijar, kuma da wuya a tuna da su ranar rabon katin gayyata. Bikin da aka yi da kayan mutum, aka bar shi a bakin ƙofa, kura ce da shan bugu gardi da karɓar kuɗi.

Daren da aka ƙwace

Wanda duk ya dubi fasahar Bahaushen karkara da idon basira zai ga cewa mafi yawanta 'yar dare ce kuma 'yar kaka. Tatsuniya sai bayan an ci tuwon dare. Gaɗa sai farin wata ya haska dandali. Tashe sai azumi ya kai kwana goma, yara su bi gida-gida bayan an sha ruwa. Dambe da kokawa kuwa sai an kai amfani gida, rumbu ya cika, sa'annan mahauta da samari su ɗauki hanya gari-gari, makaɗa na biye da su. Maƙeri da masassaƙi da mai tukwane duk suna jiran ranar kasuwa. Ke nan fasahar nan tana tsaye a kan duwatsun murhu uku: dare mai kwanciyar hankali, kaka mai albarka, da hanya mai aminci.

Dukkan ukun an tumɓuke su a gabashin Sakkwato. A watan Mayun 2020 'yan bindiga suka afka wa wasu ƙauyukan Sabon Birni suka kashe mutum fiye da 70. A watan Satumban 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, cikinsu har da Isa da Sabon Birni. A watan Disamban shekarar aka tare wata motar matafiya da ta taso daga Sabon Birni aka banka mata wuta, mutum fiye da 20 suka ƙone. A 2024 aka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a kan hanyarsa ta komawa gida daga Sakkwato, ya rasu a hannun waɗanda suka kama shi cikin watan Agusta. A ƙauyuka da dama manomi ba ya shuka ko girbi sai ya biya harajin da 'yan bindiga suka aza masa.

Asarar rai ita ce babba, babu mai musun haka. Amma akwai wata asarar da ba a ƙirga ta, domin ba a yi mata jana'iza. Yarinyar da aka haifa a ƙauyen da ake kwana a daji don tsoron hari, yaushe za ta tsaya a dandali ta koyi tafin gaɗa? Kakar da ke riƙe da tatsuniyoyi ɗari, idan ta wuni tana bara a bakin titi, da wane ƙarfin za ta ce ga ta nan ga ta nanku? Fasahar baka ba ta da rumbun ajiya sai ƙirjin mutum. Idan aka yi shekara goma babba bai miƙa wa ƙarami ba, igiyar ta tsinke, kuma rawanin aro ba zai ƙulla ta ba.

Wannan gudun ba irin na da ba ne

Wani zai ce ai Gobir ta saba da ƙaura. Gaskiya ne. Tarihi ya nuna Gobirawa sun gangaro daga Azbin, suka zauna Birnin Lalle, daga baya suka kafa Alkalawa a bakin gulbin Rima. Da Alkalawa ta faɗi a hannun mayaƙan jihadi a 1808, ba su ɓace ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani wani reshe nasu ya kafa Sabon Birni. Sunan garin ma shaida ne cewa mutane ne da suka iya sake gini bayan rushewa.

Sai dai a lura da yadda aka yi waɗancan ƙaurace-ƙauracen. Gari ne sukutum yake tashi: sarki da fadawansa, Inna da mabiyanta, makaɗa da tamburansu, maƙera da uwar maƙerarsu. Duk inda aka yada zango, washegari kowa ya san matsayinsa da wanda zai koya wa sana'a. Gudun yau kuwa watsewa ce. Uba yana Sakkwato yana tura baro, uwa da ƙanana suna wani ƙauye a jihar Maraɗi, babban ɗa ya yi kudu neman abinci. Makaɗi ya rabu da 'yan amshinsa, ya rabu da ubangidansa, wataƙila ma ya sayar da gangar ya sayi tiyar gero.

A dubi Ibrahim Narambaɗa, wanda babu bikin al'adun da zai tashi ba a ji muryarsa ba. Mutumin Tubali ne, ya yi suna a fadar Sarkin Gobir na Isa Amadu, ya bar wa Hausa Bakandamiya. Masana sun yi masa hidima: Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya rubuta littafi sukutum a kansa, Jami'ar Bayero ta Kano ta shirya taron ƙasa da ƙasa a kan waƙoƙinsa a 2019. Madalla da wannan. Amma Narambaɗa bai faɗo daga sama ba. Ƙauye ne ya raine shi, kiɗan noma ya fara gasa shi, fada ta ɗauke shi, hanyoyi masu aminci suka kai shi garuruwa. Yaron da ke da irin baiwarsa a yau, idan an haife shi tsakanin Isa da Sabon Birni, ina gonar gayyar da zai fara gwada murya, ina fadar da za ta saurare shi? Muna ta karrama itacen da ya riga ya faɗi, muna kallon ana ƙone dajin da zai fitar da wani.

Masu cewa a bari, da masu cewa a bar mu

Akwai masu ganin cewa kiɗa da rawa a irin wannan lokaci rashin kunya ne, a soke bikin baki ɗaya har ƙura ta lafa. Ina girmama zafin zuciyarsu, amma ban bi su ba. Ɗan bindiga ya riga ya hana kiɗa a ƙauye. Idan muka hana shi a birni, mun ƙarasa masa aikinsa da hannunmu. Kuma yaushe ƙurar za ta lafa? Bikin kamun kifi na Argungu, da duk sunansa a duniya, ya yi kusan shekara goma a rufe kafin a dawo da shi a 2020. Argungu tana da masarauta da gwamnati da za su tashe ta. Gaɗar wani ƙauye a gefen Rima, idan ta kwanta shekara goma, wa zai tashe ta?

Maƙwabtanmu na Nijar sun nuna wata hanyar. Gasar kokawar gargajiya ta neman takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa a 1975, zagayawa take yi jiha-jiha. A ƙarshen 2022 aka kai ta Diffa, jihar da ta sha wuyar Boko Haram. Kai takobi can sanarwa ce ga mutanen yankin cewa ƙasa ba ta yafe su ba. Biki yakan zama jaje idan an yi shi tare da waɗanda abin ya shafa.

Akwai kuma masu cewa jami'a ba barikin soja ba ce, ɗalibai nishaɗi suke nema, kada a ɗora musu nauyin da ya fi ƙarfinsu. Babu wanda ya ce malamin adabi ya ɗauki bindiga ya shiga dajin Gundumi. Amma jami'ar da ke tura ɗalibai su rubuta kundaye a kan waƙoƙin daka da na aure da kirarin 'yan dambe, har a sami digiri da ƙarin girma da su, ta ci bashin mutanen da suka rera su. Bashi kuwa ranar da mai shi ya shiga matsi ake biyansa. Maganar rashin kuɗi ma ba ta tsayuwa: abin da ake kashewa a hayar rumfuna da buga riguna da kyautar babban baƙo ya isa a ɗauko mota biyu ta mutanen da ke zaune a cikin gari guda da makarantar.

Yadda ranar za ta zama ta masu ita

Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Saboda haka abu na farko, a nemo masu ita. Ɗaliban da suka fito daga Isa da Sabon Birni sun san inda danginsu suke fakewa. Su za a tura, makonni kafin biki, su tambayi wa ya iya kiɗa, wa ta iya saƙar faifai, wace tsohuwa ce ke da tatsuniya. A gayyace su a matsayin malamai, a zaunar da su a kujerun gaba, a biya su ladan aikinsu kamar yadda ake biyan duk wanda ya gabatar da takarda. Abin da za a ba su haƙƙi ne, kada a kira shi sadaka.

Na biyu, rumfunan saye da sayarwa a ba su kyauta. Matar da ta iya fura da dakuwa da saƙar tabarma, idan ta yi cinikin yini guda a tsakiyar dubban mutane, ta sami jarin da zai raba ta da bara. Na uku, tunda rana ce ta iyali, a zaunar da 'ya'yan malamai da 'ya'yan 'yan gudun hijira a tabarma ɗaya gaban mai tatsuniya. Yaron da ya ga ana tafa wa kakarsa a jami'a ba zai ƙara ɗaukar kansa ɗan kango ba, kuma wataƙila ranar ce zai fara sha'awar shiga aji.

Na huɗu, a naɗi komai da izinin masu shi, a rubuta sunan mai waƙa da sunan ƙauyensu da wanda ya koya masa. A ajiye a wuraren da aka tanada domin haka, irin Cibiyar Nazarin Hausa ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a kuma ba masu shi nasu kwafin a waya. Na biyar, a miƙa hannu ga Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, domin Gobir ɗaya ce, iyaka ce ta ratsa ta, kuma abin da ya ɓace a wannan gefe mai yiwuwa yana raye a Tsibiri. Daga ƙarshe, kafin a buga ganga ta farko, a tashi tsaye a karanto sunayen ƙauyukan da aka tasa, ɗaya bayan ɗaya, a yi wa mamata addu'a, a gaban manyan baƙin da ke da ikon yin wani abu.

Hausawa suka ce bikin farar kaza, balbela ba sai an gayyace ta ba. Bagobirin da ya gudo daga gonarsa shi ne farar kazar ma, bikin nasa ne tun asali. Tsagar kwalli da ruwa ake wanke ta da maraice. Mai tsagar aska kuwa yana nan a bayan katanga da abin da ya sani a ƙirjinsa, kuma kullum shekaru na tafiya da shi. Kwamitin da zai zauna shirya bikin baɗi, kafin ya tambayi nawa ne kuɗin rumfa, ya fara tambayar wa zai je ya ɗauko shi.