Rarar Haraji Da Ma'aikacin Birnin Gwari

A ganina, malamin makaranta a Birnin Gwari ya san haraji iri biyu: wanda ake yanka a albashinsa, da wanda 'yan bindigar daji suka sha karɓa a gona ba rasit. Na farkon ne kaɗai ake neman rararsa. Dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ta yafe haraji kan naira 800,000 na farko a shekara, ta kuma ba da rangwamen kuɗin haya. To amma hukumar harajin Jihar Kaduna ba ta mayar da ko sisi sai lissafinta ya dace da takardun mai nema, kuma nan ake maƙalewa watanni. Ya mallaki lambar haraji, ya adana takardun albashi da rasit ɗin haya, ya miƙa bayanin kuɗin shigarsa kafin 31 ga Maris.